Abin da Na Karanta wa Inna Bayan Ɓatan Auta

Kafin ƙanena ya ɓace ban ɗauki littattafan bincike a bakin komai ba. In na ga abokan aikina a ofis sun duƙufa a kan waya suna bin labarin wani ɗan sanda da ke farautar masu kisa, tsiya nake yi musu, in ce mutum da furfurarsa ya zauna yaro ɗan jami'a yana shirga masa ƙarya. Yau ga shi ni ce mai su tuli a kan durowa, wasu kuma cike da waya har tana kukan ba wuri. Maigidana ya gaji da tsokanata ya bari, don ya san abin da ya kai ni.

Ƙanen nawa shi ne autanmu, kuma Auta kowa ke ce masa har ya tara 'ya'ya uku. Direba ne, a tashar Kawo yake lodi. Wata safiya ya karya a gidanmu na Hayin Banki, inda yake zaune da matarsa da mahaifiyarmu, ya ce wani ya ɗauke shi shata, amma zai fara biyawa Katabu ya duba bulon da aka sauke a filinsa. Magina sun tabbatar ya biya, har ya yi musu faɗa a kan yashi. Daga nan babu wanda ya sake cewa ya gan shi. Ba a ga motar ba, ba a san wanda ya ɗauki shatar ba, wayarsa kuma a kashe. A garin nan mun kai lokacin da uwa ke addu'ar masu garkuwa da mutane su kira ta, don kiran nan shi ne shaidar ɗanta na numfashi. Mu ko wannan ba mu samu ba.

Ba inda ba mu je ba. Ofisoshin 'yan sanda, asibitoci, ɗakunan ajiye gawa, ƙauyukan bakin titi har kusa da Zariya. Ni ce babba, kuma ni ce mai ɗan boko da sanin mutane, saboda haka ni nake shiga a yaye mani zane in duba fuska in ce ba shi ba ne. Sannu a hankali masu raka ni suka ragu, ni ma ƙafata ta yi sanyi.

Inna kuwa ta koma rediyo. Tun asuba tana maƙale da ita a kunne, duk inda aka ce an tsinci gawa ko an kuɓutar da mutane sai ta aiko a kira ni daga Unguwar Sarki. Hawan jininta ya ƙi sauka. Likita ya ce a raba ta da labarai, shi kuma bai san Inna ba, ba a raba ta da abu sai an ba ta madadinsa. Idonta ya yi rauni, boko kuma dama ba ta yi ba. Ranar wata Asabar na tsaya wurin mai sayar da littattafai a bakin tasha na ce ya ba ni wanda zai ɗauke wa tsohuwa hankali. Ina tsammanin zai miƙo mani na soyayya ko na tarihi, sai ya ba ni wani mai hoton bindiga a bango, ya ce shi ake yayi. Haka karatun Asabar ya fara. In na yi azahar in hau keke-napep, in tarar ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta tana jira.

Na farkon labarin wata jami'ar 'yan sanda ne, budurwa, wadda aka sace wani attajiri a unguwarsu ta sha alwashin sai ta dawo da shi. Marubucin ya iya jan zare, wannan ba zan hana shi ba, ya san inda zai datse babi ya bar mutum da numfashi a maƙogwaro. Amma komai a sauƙaƙe yake zo wa jami'ar nan. Ta duƙa a bakin hanya ta tsinci maɓallin riga, maɓallin ya kai ta wurin tela, tela ya tuna fuskar mai rigar har da tabon da ke goshinsa. Ni da na yi wata da watanni ina zarya ko takalmi ƙafa ɗaya ban tsinta ba, ina karantawa ina tsaki a zuci.

Inna ba ta damu da maɓalli ba. Da farko jami'ar ce ta tsone mata ido.

"Ita wannan ba ta da iyaye ne, take bin maza cikin daji?"

"Aikinta ne, Inna."

"Allah ya kyauta. Ci gaba."

Da labarin ya koma kan attajirin a ɗaure cikin bukka, sai ta gyara zama ta dafa gwiwata. "An ba shi abinci kuwa?" Na duba shafin sama da ƙasa, marubucin bai ga dalilin faɗa ba. "Salla fa, suna barinsa ya yi?" Shi ma babu. Na ga yadda fuskarta ta yi, sai na mayar da idona kan takarda na karanta abin da ba a rubuta ba, na ce da magariba suka kwance shi, suka ba shi ruwa a buta, suka kawo masa tuwon masara da miyar kuka. Ta sauke ajiyar zuciya ta ce to madalla, ashe akwai na Allah a cikinsu. Daga ranar duk wanda aka kama a littafin da ya bi ta hannuna sai ya ci ya ƙoshi, wani har bargo nake ba shi. Marubutan su yafe mani, na ciyar da mutanensu fiye da yadda suka yi niyya.

Na biyun ya fi na farko kyan rubutu nesa ba kusa ba. Wani ɗan kwangila ne aka tarar a mace a ɗakin otal, ƙofa a kulle ta ciki. Marubuciyar ta san halin mutane, ta san yadda 'yan uwa ke kallon juna a gidan mamaci mai dukiya, kuma har na kusa ƙarewa ban gano wanda ya yi kisan ba. Ni na ji daɗinsa. Inna ko shafi goma ba ta bari mun yi ba. Ta tambaya ko an yi wa mutumin sutura, na ce an yi. Ta tambaya ko uwarsa ta gan shi, na ce ta gan shi. Ta ce, "To ai su sun huta. Me kuma suke nema?" Ta juya ta ɗauki carbinta, ni kuma na ƙarasa shi ni kaɗai a gida.

Na ukun shi ne ya ɓata mani rai, har yau in na tuna sai na ji zafi. A waya ake turo shi kashi-kashi, duk bayan kwana biyu. Labarin wani malamin makaranta ne da ya fita sayen maganin 'yarsa bai dawo ba, ƙaninsa ya bar aiki ya bi sawunsa. Wannan marubucin ya san abin da yake faɗa, ko dai ya taɓa shi ko ya zauna da wanda ya taɓa. Ya rubuta yadda ake zabura in baƙuwar lamba ta kira, da yadda ake bin bayan wani a kasuwa don ƙeyarsa ta yi kama. Ni da Inna muka kamu. Ana tsakiyar labari, ƙanin ya samu wanda ya ce ya san inda aka kai yayan, sai marubucin ya yi ɗif. Mako ya wuce, wata ya wuce. Masu karatu suka yi ta roƙo, wasu na zagi, wasu na cewa ya yi aure ne, wasu na cewa wayarsa aka sace. Ni da girmana na rubuta masa magana mai zafi, wadda da 'yata ce ta rubuta da na yi mata faɗa. Bai amsa ba, bai kuma ƙarasa ba. Duk Asabar Inna sai ta tambaya ko yaron nan ya turo. Wannan kam ban iya ƙirƙira mata ƙarshensa ba, bakina ya ƙi.

Na karanta irinsu da yawa bayan nan, kuma abu ɗaya nake riƙe da su duka. Iyalin wanda aka sace shafi ɗaya ake ba su. Matar ta fito ta yi kuka, ta ba jami'i hoto, a rufe ƙofa, ba za a sake jin ɗuriyarta ba sai ranar da za ta rungume shi a babin ƙarshe. Ba wanda ke rubuta abin da take yi tsakanin kukan da rungumar, alhali a nan rayuwa take. Na san haka ne don duk Asabar ɗin da nake karatu, matar Auta tana tsakar gida a gabanmu tana tsintar shinkafa ko wankin kayan makarantar yara.

Amarya muke ce mata, sunan ya bi ta tun ranar da aka kawo ta. 'Yar mutanen Katsina ce, mahaifinta tsohon leburan kamfani ne da ya zauna Kaduna. Mace ce mai dariya da ƙarfi, da can in tana ba da labari daga zaure ake jiyo ta. Bayan ɓatan mijinta ta koma yin ɗinki a ɗaki, ita ke dafa wa Inna, ita ke ba ta magani, ita ke yanke mata farce. Ba ta zuwa biki don kada a ce ta manta, ba ta sa baƙaƙen kaya don kada a ce ta yanke ƙauna. Tana da shekara talatin da 'yan kai, amma in ka hango ta daga nesa sai ka ɗauka sa'ata ce.

Tun a shekarar farko mahaifinta ya kai maganar gaban alƙali, kamar yadda malamai suka ba shi shawara. Alƙali ya sa aka yi cigiya, ya ɗibar mata wa'adin shekarun da shari'a ta tanada ga matar da mijinta ya ɓace. A lokacin ba wanda ya damu, duk muna ganin Auta zai dawo tun kafin a je ko'ina. Sai ga wa'adi ya cika. Dattijon ya zo har gidana, ya ƙi hawa kujera, ya zauna a kan darduma ya ajiye hularsa a gwiwa.

"Hajiya, ba rashin kunya ta kawo ni ba. Yaron nan ɗana ne, bai taɓa ɓata mani ba. Amma ɗiyar nan tawa tana ƙarewa ina kallo. Alƙali ya ce a zo da wani daga dangin miji a rufe magana, ta yi takaba ta san matsayinta. Ita kuma ta ce ko ƙofa ba ta takawa sai da yardar Hajiya babba. Ni ba ni iya tunkarar ta da wannan. Ke ɗiyarta ce."

Na ce masa zan gwada. Na gwada kuwa, sau biyu. Na farko Inna ta yi kamar ba ta ji ba, ta tambaye ni kuɗin tumatir a kasuwarmu. Na biyu ta dube ni ta ce, "Kin ga gawarsa ne?" Na ce a'a. Ta ce to kada in sake kawo mata maganar takabar mai rai.

A cikin wannan hali ne wata abokiyar aikina ta ara mani wani littafi daban. Ba ƙagagge ba ne. Wata tsohuwar malamar makaranta ce ta rubuta tarihin gidansu, tun daga kakanta mai saƙa har zuwa jikokinta. Ba bindiga, ba gudu da mota, ba wanda ake nema. Yadda ake rabon tuwo a gidan mutum arba'in, wanda ke da ɗakin gabas, rigimar da aka yi a kan bishiyar tsamiya, shekarar da ƙyanda ta ɗauke yara uku a mako guda. Wani wurin ta cika yabon danginta, kowa waliyyi, har na fara cewa a gidan nan ba a taɓa haifar maƙaryaci ba ne. Amma tana da ido, kuma ba ta gaggawa. Na karanta shi a hankali kamar mai cin abinci a gidan da aka san shi.

A tsakiyarsa akwai babi a kan wata gwaggonta. An yi mata aure da 'yan watanni mijin ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙafa, irin tafiyar da, wadda ake yin shekaru ana yada zango ana noma a hanya. Wasu sun dawo, shi bai dawo ba, ba kuma wanda ya zo da labarin mutuwarsa. Gwaggon ta zauna a gidan mijin har ta tsufa ta rasu a ɗakin da aka kai ta. Ita ke raino, ita ke wankan jego, duk yaron gidan a bayanta ya girma, nata kuwa ba ta samu ba. Marubuciyar ta yi ta jinjina wa haƙurinta shafi bayan shafi. Sai a ƙarshe ta ce ita kanta sai da ta tsufa ta lura ba ta taɓa jin wani a gidan ya tambayi gwaggon abin da take so ba.

Na rufe littafin na ce na samu. Da gangan na kai wa Inna shi, na fara daga farko don kada ta gane inda na dosa. Ta so shi fiye da duk na baya. Tana ji tana gyara wa marubuciyar, wai ba haka ake jiƙa kanwa ba, wai a garinsu ba a kai gara sai an kwana bakwai. Har dariya ta yi a rigimar tsamiya, dariyar da na daɗe ban ji ba. Asabar ta uku muka iso babin gwaggo. Na karanta shi da murya a sake, ban ƙara ko kalma ba. Amarya tana bakin rijiya da bokiti, na ga hannunta ya tsaya a kan igiya.

Da na kai aya Inna ta jinjina kai ta ce, "Allahu akbar. Kin ji matan da. Mace ke nan."

Raina ya ɓaci, ban iya ɓoyewa ba. Na ce, "Inna, abin da kika ji ke nan? Baiwar Allah ta ƙare rayuwarta tana gadin ɗaki, ke kuma kina sa mata albarka?"

"To zaginta zan yi?"

"Ba ita nake nufi ba, kin kuma sani."

"Na sani tun ranar da kika shigo da shi kina wani sanyaya murya. Ni na haife ki." Ta miƙe da kyar ta naɗe tabarmarta da kanta, ta shige ɗaki ta saki labule.

Na zauna a wurin kamar wadda aka watsa wa ruwa. Amarya ta ajiye bokitin ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta ce a hankali, "Yaya, da kin bar ta."

Na ce, "Ke ma da naki. Kullum a bar ta, a bar ta. Ke ba ki da baki ne?"

Ta shiga murza bakin zanenta. Can ta ce, "Yaya, mutane na ɗauka aure nake so. Wallahi ba shi ne a gabana ba. In na sa lalle a ce na manta da shi, in na ƙi sawa a ce ina yi masa fatan mutuwa. Yaran nan in sun tambaye ni in ce ya yi tafiya, babbar ta daina tambaya, kallona kawai take. Ni ko kuka ban taɓa yi masa ba irin wanda ake yi a gama. Kullum rabi nake yi in haɗiye rabi, kada Inna ta ji ta ce na san wani abu." Ta share ido da gefen mayafi. "Amma ba zan tsallake ta in je kotu ba. Tun da aka kawo ni gidan nan ba ta taɓa ce mani kanzil ba. In na je ba da saninta ba, kamar na shiga ɗakinta ne na ce mata ɗanki ya mutu."

Na bar littafin a kan taga, don haushi ko don mantuwa ban sani ba, na tafi gida. Asabar ta gaba ban je ba, na ce ina mura. Ta bayanta ma na so in ƙi, maigidana ya ce in ji tsoron Allah, tsohuwa ce.

Na tarar ta shimfiɗa tabarma, littafin na gefenta. Ba ta yi mani maganar rashin zuwana ba. Muka gaisa, ta tura mani shi da yatsa ta ce in maimaita mata wurin matar nan. Na maimaita tun daga ɗaurin aure har rasuwarta. Da na gama sai ta jefo mani tambaya.

"Uwar mijin fa?"

"Wace?"

"Uwar wanda ya tafi Makka. Ai a gidansu aka ce ta zauna. Uwarsa na raye lokacin?"

Na koma baya na duba. An ambace ta sau ɗaya, wurin da aka ce ita ta raka ayarin har bayan gari. Na faɗa mata.

"Daga nan ba a sake maganarta ba?"

"Ba a sake ba."

Ta daɗe tana kallon tsakar gida. Amarya ta fita kai ɗinki, ba kowa sai kaji. Ta ce, "Mai littafin nan yarinya ce lokacin, ba ta san komai ba. Ba haƙuri ne ya zaunar da matar nan ba. Tsohuwar ce. Duk safiya in ta ga yarinyar ta fito da tsintsiya daga ɗakinsa, sai ta ce ɗana na nan tafe, ga matarsa ma tana jira. In yarinyar ta tafi, da me za ta riƙe shi?" Ta ce, "Na san ta, ko ba a rubuta ta ba."

Kaza ta zo tana tsattsagar bakin tabarma, ta kore ta da mafici. Sannan ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, me alƙalin zai tambayi wanda ya je.

Na ce ni zan je, ba sai ta wahala ba.

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba. Zai ce in ce ya mutu?"

"A'a, Inna. Zai tambaya ne ko tun da ya fita an ji labarinsa, ko ya aiko, ko wani ya gan shi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Wannan zan iya amsawa," in ji ta. "Ki faɗa wa baban yarinyar ya sa rana."

Ita ta je da ƙafarta. Ta sa farin mayafinta na zuwa masallacin Idi, na riƙe ta a hannu ɗaya, Amarya a ɗayan. Ɗakin shari'ar ƙarami ne, fanka na juyawa ba iska. Alƙalin ya girmama ta, ya sa aka kawo mata kujera. Ya yi mata tambayoyin nan uku, kowace ta ce, "Ban ji ba, ranka ya daɗe. Bai aiko ba. Ba wanda ya ce mani ya gan shi." A littattafan da na karanta mata, in an shiga kotu a babin ƙarshe akan kawo mai laifi a ɗaure, a bayyana yadda aka yi, kowa ya fita ya san gaskiya. Mu mun fito ba mu san komai ba fiye da yadda muka shiga, sai dai an ba Amarya izinin ta yi takaba. Muka hau keke-napep. Mun kusa gida Inna ta kamo hannun Amarya ta ɗora a cinyarta, ta riƙe har muka sauka.

A gidan miji ake takaba, saboda haka a ɗakinta ta zauna, ɗakin da ke kallon na Inna. Ta cire 'yan kunne, ta kwance kitso, ta zauna a kan tabarma. A ranar ta yi kukan da ta ce ba ta taɓa yi ba, da ƙarfi, har maƙwabta suka jiyo. Ban hana ta ba, na shiga na taya ta, don ni ma ashe ina da nawa a ajiye. Inna na ɗakinta, labule a sake, ba ta fito ba, ba ta kuma aiko a ce a yi shiru ba.

Washegari mata suka fara shigowa. Ba a yi sanarwa ba, ba a kafa rumfa ba, amma a Hayin Banki ba a ɓoye irin wannan. Sukan fara da ɗakin Amarya, su zauna su yi mata gaisuwa yadda ake yi wa wadda mijinta ya rasu, ta amsa da amin. In sun fito sai in ga sun yi turus a tsakar gida, suna duban labulen Inna suna duban juna. Yawancinsu sukan leƙa ne kawai su ce sannu Hajiya, ya jiki, su wuce da sauri.

Da la'asar wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta zo, wadda suka yi zaman shekaru da Inna, kunnenta ya yi nauyi, ba ta san yadda ake ta kewaye-kewaye ba. Ta fito daga wurin Amarya tana share hawaye, ta ɗaga labulen Inna ta shiga, ina biye da ita da ruwan sha. Ta zauna ta kama hannunta ta ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa, "Hajiya, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Auta, Allah ya sa ya huta."

Na tsaya da kofin a hannu. Inna ba ta zare hannunta ba, ba ta kuma ɓata fuska ba. Ta matso kusa da kunnen tsohuwar don ta ji sosai.

"Na gode. Amma ki kai mata can, ita aka yi wa rasuwa. Ni ɗana tafiya ya yi."

Tsohuwar ta dube ni, ni kuma na duƙa na ajiye mata ruwan.